Tarihin Zaure a Ƙasar Karaye

Zaure, wanda Kanawa kan kira soro, shi ne ɗakin farko da ake ratsawa kafin a shiga gidan Bahaushe. Mallakin maigida ne, shi ya gina shi kuma magadansa ne za su gaje shi, amma amfaninsa na jama'a ne. Namiji baƙo kan yi sallama ya zauna a ciki. Daga shigifa zuwa cikin gida kuwa, ba shiga.

Tsarin tsoho ne. Gidan Rumfa, da Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499) ya gina a Kano, jerin soraye ne, ana wuce wannan a faɗa wancan. Da kulle ya ƙara yaɗuwa bayan jihadin 1804, sai zaure ya zama iyaka tsakanin matan gida da maza baƙi. Littafin Mary Smith na 1954 a kan rayuwar Baba ta Karo, wadda ta tashi a yankin Zarewa cikin ƙasar Rogo ta yau, ya nuna irin wannan zama a ƙarshen ƙarni na 19.

A garuruwan Karaye da Rogo zaure ya yi aikin da hukuma ba ta tanadi wurinsa ba. Nan malam ke karantar da almajirai, maɗinki da baduku ke sana'a, maƙwabta ke fito da akushi a yi ciyayya bayan magariba. Nan ake raɗin suna, ɗaurin aure da zaman makoki. Falken da dare ya riska a hanyar Kano ko Zariya nan yake shimfiɗa tabarma, ba a tambayarsa ko anini. Babu rubutacciyar doka, kunya ce ke tsare haƙƙin. Maigidan da ya garƙame zaurensa da rana sunan marowaci yake ɗauka.

Daga shekarun 1970 kuɗin mai ya kawo siminti da kwano, get da falo suka fara maye gurbin zaure. Falo kuwa sai wanda aka gayyata. Zauruka da dama an fasa su sun koma shagunan haya, fargabar tsaro ta sa an daina barin baƙo ya kwana. Kalmar dai ta tsira: ana cewa zauren majalisa, har da zauren WhatsApp.