Madge Syers da Shigar Mata Gasar Zamiyar Ƙanƙara

Madge Syers ita ce mace ta farko da ta shiga gasar duniya ta zamiya a kan ƙanƙara. An haife ta a Landan ranar 16 ga Satumba 1881, sunanta na yanka Florence Madeline Cave, ɗaya daga cikin 'ya'ya 15 na wani mai sana'ar gine-gine.

Wasan yana buƙatar bayani ga wanda ƙanƙarar da ya sani ita ce wadda masu zoɓo da kunun aya suke saye a Kasuwar Gombe lokacin azumi. A ƙasashen sanyi tafki ne sukutum yake daskarewa, ko kuma a daskarar da ruwa a cikin wani babban zaure. A zamanin Madge ɗan wasa yakan sa takalmi mai siririn ƙarfe a ƙasa kamar bakin wuƙa, ya tsaya a kan ƙafa ɗaya, ya zana siffa irin ta lamba 8, ya sake bi ta kanta, alƙalai kuma su duba ko sawun na biyu ya hau na farko daidai. Ingilawan wancan zamani a sanƙare suke yinsa, hannuwa manne da jiki. Edgar Syers, wanda ya horar da Madge kuma ya aure ta a 1900, shi ya karkata ta ga salon sauran Turai mai sakin jiki.

A 1902 aka yi gasar duniya a Landan. Dokar ba ta ce maza kaɗai ba, don ba wanda ya taɓa kawo wa ransa mace za ta nema. Madge ta ba da sunanta, aka rasa hujjar hana ta, ta zo ta biyu bayan Ulrich Salchow na Suwidin. A 1903 hukumar wasan ta duniya, ISU, ta zauna ta rufe wa mata ƙofa. Daga cikin dalilanta har da cewa doguwar rigar mata tana hana alƙalai ganin ƙafa, alhali a ƙafar gwaninta take. Hujja ce mai rauni, Madge kuwa ta warware ta cikin sauƙi: ta rage tsawon siket ɗinta zuwa tsakiyar ƙwauri, sauran mata suka bi sahu.

A gida ba a hana ta ba. Ta ci gasar Birtaniya a 1903, ta sake ci a 1904, inda ta doke har da mijinta. Da hukumar ta ga zancen ba zai mutu ba, a 1905 ta ware wa mata tasu gasar. Madge ta ɗauki ta farko a Davos ta ƙasar Suwizalan a 1906, ta maimaita a Vienna a 1907.

Wasannin Olamfik na Landan a 1908 su ne na farko da aka sa zamiyar ƙanƙara a ciki. Alƙalai biyar duka suka ba ta matsayi na ɗaya, ta karɓi zinare, sannan ita da Edgar suka samu tagulla a wasan bibbiyu. Daga nan rashin lafiya ya raba ta da gasa. Ta rasu da ciwon zuciya a Weybridge ranar 9 ga Satumba 1917, mako guda kafin ta cika shekara 36.