Tsuntsayen Ƙanƙara: Yadda Gudun Sanyi Ya Zama Al'adar Kanada

A duk ƙarshen shekara, da zarar ƙanƙara ta fara lulluɓe Toronto da Montreal, dubban ɗaruruwan mutanen Kanada kan kama hanyar kudu, zuwa Florida da Arizona. Galibinsu dattawa ne da suka ajiye aiki, kuma ana musu laƙabi da "tsuntsayen ƙanƙara".

Sanyin ba sabo ba ne, halin guje masa ne sabo. Kafin Yaƙin Duniya na Biyu, sai mai hannu da shuni ke iya cin hunturu a ƙasar waje. Abubuwa uku ne suka sauya lamarin. Na farko fansho: kuɗin tsufa na bai-ɗaya ya fara a 1952, tsarin fanshon ma'aikata kuma a 1966. Na biyu manyan titunan da Amurka ta soma shimfiɗawa daga 1956, waɗanda suka sa tafiyar ta zama ta kwana biyu ko uku a mota. Na uku inshorar lafiya ta gwamnati, wadda a da take biyan kaso mai tsoka na jinyar wanda ya kwanta a waje.

Sai hutu ya koma tamkar haƙƙin wanda ya gama wahalar aiki. Masu jin Faransanci daga Kebek suka kafa unguwanninsu a garin Hollywood na Florida, da gidajen abinci da jaridarsu. Da lardin Ontario ya zaftare kuɗin jinya a waje, matafiyan suka kafa ƙungiyarsu a 1992 don kare muradunsu. Wasu kuma suka nufi Kuba, wadda Kanada ba ta taɓa yanke hulɗa da ita ba, har baƙinta daga Kanada suka riƙa haura miliyan ɗaya a shekara kafin korona.

Rufe iyaka a Maris 2020 ya katse al'adar bisa tilas. A 2025 kuwa mutane ne suka janye da kansu. Bayan Donald Trump ya ƙaƙaba haraji, ya kuma riƙa kiran Kanada jiha ta 51, tafiye-tafiyen mota zuwa Amurka suka ragu da fiye da kashi 30 cikin ɗari a wasu watanni. Masu otal da dillalan gidaje a Florida sun daɗe suna ɗaukar cewa sanyi kaɗai ya isa ya kawo musu baƙi. Yanzu sun ga cewa baƙon yana auna mutuncinsa kafin ya ɗaura kaya.