Mazaɓar Rae Bareli

Rae Bareli mazaɓa ce ta majalisar wakilan Indiya, wato Lok Sabha, kuma ɗaya ce daga cikin kujeru 80 da jihar Uttar Pradesh take da su a majalisar mai kujeru 543. Tun daga zaɓen farko na ƙasar a 1952 jam'iyyar Congress ce ke cin ta, in ban da sau uku: 1977, 1996 da 1998. Abu biyu ne suka fito da sunanta. Na farko, gidan Nehru da Gandhi sun mai da ita kujerar gado, domin Feroze Gandhi da matarsa Indira da surukarsu Sonia da jikansu Rahul duk sun wakilce ta. Na biyu, kan zaɓenta aka yi shari'ar da ta kai Indiya ga dokar ta-ɓaci a 1975, kuma a cikinta ne firaminista mai ci ta faɗi a akwatin gida, abin da bai taɓa samun wani firaministan Indiya ba.

Wuri da jama'a

Garin Rae Bareli yana bakin kogin Sai, a yankin Awadh, kimanin kilomita 80 kudu maso gabas da Lucknow, babban birnin jihar. Kogin Ganga ya yi wa gundumar iyaka ta kudu. Kada a rikita shi da Bareilly, wani birni dabam a arewacin jihar. Ƙasar noma ce, ta alkama da shinkafa, kuma akasarin masu jefa ƙuri'a mazauna ƙauyuka ne. Ƙidayar 2011 ta nuna kusan kashi 30 cikin ɗari na mutanen gundumar Dalit ne, wato waɗanda tsarin dangi na Hindu ya ajiye a ƙasan kowa, Musulmi kuwa kimanin kashi 12. Duk da ƙarancin Musulmin, garin ya yi suna a fagen ilimi: a nan aka haifi Sayyid Ahmad Barelvi a 1786, kuma garin ne mahaifar Shaihu Abul Hasan Ali Nadwi, mai littafin Ƙisasun Nabiyyin da ɗaliban Larabci suka sani, wanda ya rasu a ranar ƙarshe ta 1999.

A yanzu mazaɓar ta ƙunshi kujeru biyar na majalisar jiha: Bachhrawan, Harchandpur, Rae Bareli, Sareni da Unchahar. Wani sashe na gundumar yana cikin maƙwabciyarta Amethi, wadda ita ma gidan Gandhi suka daɗe suna riƙe da ita. Masu rajista sun kusa miliyan 1.8 a 2024. Wanda ya fi kowa ƙuri'a shi ke cin kujera, ko da bai kai rabi ba.

Alaƙar yankin da gidan Nehru ta girmi 'yancin kai. A watan Janairun 1921, lokacin da manoman Awadh suka tashi tsaye kan zaluncin manyan masu gonaki da tsadar haya, an buɗe wa taron manoma wuta a Munshiganj, kusa da gadar Sai. Jawaharlal Nehru ya iso wurin, hukumomin mulkin mallaka suka hana shi ƙetarawa. Har yau 'yan Congress sukan fara lissafin dangantakarsu da Rae Bareli daga wannan rana.

Feroze Gandhi

Wakilin farko shi ne Feroze Gandhi, mijin Indira, ɗan al'ummar Parsi, wanda ba shi da dangantakar jini da Mahatma Gandhi. Ya ci zaɓe a 1952, Indira na jagorantar yaƙin neman zaɓensa, ya sake ci a 1957. A shekarun nan akwai mazaɓu masu wakilai biyu, ɗaya na kowa da kowa, ɗaya keɓaɓɓe ga Dalit, kuma Baijnath Kureel ne abokin zaman Feroze a 1957.

Kasancewarsa surukin firaminista Nehru, mahaifin Indira, bai rufe masa baki ba. A ƙarshen 1957 ya tona a zauren majalisa cewa kamfanin inshorar rayuwa na gwamnati ya zuba fiye da rupi miliyan 12 a hannayen jarin kamfanonin wani ɗan kasuwa, Haridas Mundhra, waɗanda suke tangal-tangal. Binciken da ya biyo baya ya sa ministan kuɗi T. T. Krishnamachari ya ajiye aiki a Fabrairun 1958. Kafin nan, a 1956, Feroze ya kawo ƙudurin da ya zama doka mai kare 'yan jarida daga ƙarar ɓata suna idan sun buga abin da aka faɗa a majalisa. Gwamnatin matarsa ce ta soke wannan doka a zamanin ta-ɓaci, sai bayan faɗuwarta aka dawo da ita.

Ciwon zuciya ya kashe Feroze a Satumbar 1960. R. P. Singh na Congress ya ci zaɓen cike gurbi. Da aka soke tsarin wakilai biyu, aka keɓe kujerar ga Dalit a 1962, Kureel ya ci.

Zaɓen 1971 da shari'arsa

Indira Gandhi ta zama firaminista a Janairun 1966 tana majalisar sama, Rajya Sabha. Da ta nemi kujerar da jama'a ke zaɓa kai tsaye, sai ta nufi tsohuwar mazaɓar mijinta, ta ci a 1967. A 1971, bayan Congress ta rabe biyu, ta sake tsayawa da taken kawar da talauci. Abokin karawarta Raj Narain ne, ɗan gurguzu, mabiyin Ram Manohar Lohia, mutum mai ɗaure kai da ƙyalle, wanda ya sha shiga kurkuku tun zamanin Turawa. Ta ba shi ratar ƙuri'a fiye da 110,000.

Mai irin wannan kaye yakan koma gida ya yi shiru. Raj Narain ya tafi babbar kotun Allahabad, ya ce an yi amfani da kuɗi da ma'aikatan gwamnati, an wuce iyakar kashe kuɗi, an raba kyaututtuka, an kuma yaudari mabiya Hindu da alamar saniya da ɗan maraƙi ta jam'iyyar. Shanti Bhushan ne lauyansa. Shari'ar ta ci shekara huɗu, kuma a Maris 1975 firaminista da kanta ta zauna gaban alƙali aka yi mata tambayoyi.

Ranar 12 ga Yuni 1975 mai shari'a Jagmohanlal Sinha ya yanke hukunci. Ya yi watsi da manyan zarge-zargen, har da na cin hanci, ya kama ta da abu biyu. Ɗaya, cewa Yashpal Kapoor, jami'i a ofishin firaminista, ya fara yi mata aikin zaɓe alhali ajiye aikinsa bai tabbata ba. Biyu, cewa ma'aikatan gwamnatin jiha ne suka kafa mata dandamalin jawabi, suka kuma ja wutar lantarki don lasifika. Babu mai hankalin da zai ce waɗannan ne suka kawo ratar dubu ɗari. Amma dokar zaɓe ta 1951 ba ta auna laifi da yawan ƙuri'a ba, ta lissafa neman taimakon ma'aikacin gwamnati a cikin maguɗi, kuma hukuncinsa ɗaya ne. Alƙalin ya soke zaɓen, ya hana ta tsayawa takara na shekara shida, ya ba ta kwana 20 ta ɗaukaka ƙara.

Ranar 24 ga Yuni mai shari'a V. R. Krishna Iyer na kotun ƙoli ya ba da umarnin wucin gadi: tana iya ci gaba da zama firaminista, tana iya shiga majalisa, amma ba za ta kaɗa ƙuri'a a matsayin wakiliya ba. Washegari jigon 'yan adawa Jayaprakash Narayan ya tara jama'a a filin Ramlila na Delhi suna neman ta sauka. A daren nan shugaban ƙasa Fakhruddin Ali Ahmed ya sa hannu kan dokar ta-ɓaci. Aka yanke wa gidajen jaridun Delhi wuta, aka kwashe jagororin adawa kafin gari ya waye, Raj Narain na cikinsu.

Sauran aikin majalisa ta ƙarasa shi. An gyara dokar zaɓe ta yadda gyaran zai koma baya ya wanke laifukan biyu, aka kuma yi gyara na 39 ga tsarin mulki don fitar da zaɓen firaminista daga hannun kotu. Ranar 7 ga Nuwamba 1975 kotun ƙoli ta tabbatar mata da kujerar bisa sabuwar dokar, amma ta rushe sashen gyaran da ya nemi ɗaure hannun kotu, ta ce zaɓe na gaskiya yana cikin ginshiƙan tsarin mulki da majalisa ba ta da ikon taɓawa. Har gobe ana karantar da wannan hukunci a makarantun lauya na Indiya.

Ta-ɓacin ya ɗauki wata 21. A arewacin ƙasar, abin da ya fi ƙona ran talakawa shi ne yi wa maza aikin hana haihuwa da ƙarfin hukuma, shirin da ake dangantawa da ɗanta Sanjay. A Maris 1977 aka koma akwati, mutanen biyu suka sake haɗuwa, Raj Narain na tsaye wa gamayyar Janata. Ya samu ƙuri'a kusan 178,000, ita kuma kimanin 122,500, rata ta ɗan haura 55,000. Sanjay ya faɗi a Amethi, Congress ba ta samu ko kujera ɗaya ba cikin 85 da jihar take da su a lokacin. Raj Narain ya zama ministan lafiya a gwamnatin Morarji Desai, Shanti Bhushan ministan shari'a.

Daga 1980 zuwa 1999

Janata ba ta jima ba ta wargaje, kuma Raj Narain na cikin waɗanda suka haƙa mata rami. A 1980 Indira ta tsaya a mazaɓu biyu, ta kayar da Vijaya Raje Scindia ta gidan sarautar Gwalior a Rae Bareli, ta kuma ci Medak a kudu. Medak ta riƙe, kuma ita take wakilta lokacin da masu tsaron lafiyarta suka harbe ta a 1984. Kujerar Rae Bareli ta koma hannun dangi: Arun Nehru a zaɓen cike gurbi na 1980 da kuma 1984, sai Sheila Kaul, matar kawun Indira, a 1989 da 1991.

Zaɓukan 1996 da 1998 su ne suka nuna iyakar abin. Siyasar jihar ta riga ta koma ta addini da ta dangi, tsakanin jam'iyyun BJP da Samajwadi da Bahujan Samaj, kuma babu wani daga cikin ainihin gidan da ya tsaya. Ashok Singh na BJP ya ci sau biyu a jere. 'Ya'yan Sheila Kaul, Vikram da Deepa, da Congress ta tsayar ɗaya bayan ɗaya, ko na biyu ba su zo ba. A 1999 Satish Sharma, matuƙin jirgin sama kuma aminin marigayi Rajiv Gandhi, ɗan Indira kuma mijin Sonia, ya dawo da kujerar. Arun Nehru ne ɗan takarar BJP a shekarar, kuma Priyanka Gandhi, 'yar Rajiv, ta fito ta yaƙe shi a matsayin wanda ya juya wa mahaifinta baya.

Sonia da Rahul

Sonia Gandhi ta bar wa ɗanta Amethi a 2004, ta koma Rae Bareli, ta ci da ratar kusan 250,000. A Maris 2006 ta ajiye kujerar saboda taƙaddamar riƙe muƙamin gwamnati tare da wakilci, domin ita ce shugabar majalisar ba da shawara ta ƙasa. Ta dawo a zaɓen cike gurbi da rata fiye da 417,000, mafi girma da aka taɓa gani a mazaɓar. Daga nan ratar ta yi ta raguwa: kimanin 372,000 a 2009, 352,000 a 2014, sai 167,000 a 2019, lokacin da Dinesh Pratap Singh, tsohon ɗan Congress da ya koma BJP, ya kara da ita. A shekarar ce Rahul ya rasa Amethi a hannun Smriti Irani, Rae Bareli ta zama kujera ɗaya tilo da Congress ta tsira da ita a duk jihar.

Ba a fahimtar waɗannan alƙaluma sai an haɗa su da wasu. Samajwadi, wadda take da ƙarfi a ƙauyukan yankin, ta sha janye hannu ta ƙi tsayar da kowa a kan Sonia. A zaɓen majalisar jiha na 2022 kuwa Congress ba ta ci ko ɗaya daga cikin kujeru biyar na mazaɓar ba: Samajwadi ta kwashe huɗu, Aditi Singh, wadda ta bar Congress, ta ci wa BJP ta cikin gari. Mutanen da suke ba gidan Gandhi ƙuri'ar Delhi su ne suke hana jam'iyyarsu ƙuri'ar Lucknow. Wani ɓangare na dalilin a fili yake, domin zama mazaɓar masu mulki ya jawo masana'antar kayan tarho a zamanin Indira, da tashar wutar lantarki ta Unchahar mai ɗauke da sunan Feroze, da masana'antar taragon jirgin ƙasa a Lalganj, da babban asibitin koyarwa na AIIMS. Wakilin da ba ɗan gidan ba da wuya ya iya kawo irin waɗannan.

A Fabrairun 2024 Sonia ta koma Rajya Sabha ta jihar Rajasthan, ta rubuta wa mutanen mazaɓar wasiƙa tana ba da uzurin shekaru da rashin lafiya. Rahul Gandhi ya tsaya a madadinta, cikin ƙawance da Samajwadi, ya samu ƙuri'a fiye da 687,000, ya kayar da Dinesh Pratap Singh da ratar kusan 390,000. Ya ci Wayanad ta jihar Kerala a zaɓen, amma da yake doka ba ta yarda mutum ya riƙe kujera biyu ba, sai ya zaɓi Rae Bareli, ƙanwarsa Priyanka ta ci Wayanad a zaɓen cike gurbi na watan Nuwamba. A Yunin 2024 aka naɗa shi jagoran adawa a Lok Sabha, muƙamin da ya yi shekara goma babu kowa a kansa saboda babu jam'iyyar adawar da ta kai kashi goma cikin ɗari na kujerun majalisar.