House of Cards: Wasan Kwaikwayon Birtaniya Kan Kokawar Neman Mulki

House of Cards gajeren wasan kwaikwayo ne mai kashi huɗu, wanda gidan talabijin na BBC ya fara nunawa ranar 18 ga Nuwamba, 1990. An gina shi ne a kan littafin Michael Dobbs na 1989, mutumin da ya taɓa riƙe babban muƙami a ofishin jam'iyyar Conservative. Andrew Davies ne ya mayar da littafin wasa, Paul Seed kuma ya ba da umarni.

Tushen rikicin

Jigon wasan shi ne Francis Urquhart, bulaliyar jam'iyya mai mulki a majalisar wakilai, rawar da Ian Richardson ya taka. Aikinsa shi ne tsawatar wa 'yan majalisa, saboda haka ya san asirin kowa: mashayi, mai bin mata da wanda bashi ya yi wa katutu. Bayan sabon Firaminista Henry Collingridge ya ci zaɓe da ƙyar, Urquhart ya sa ran samun babban muƙamin minista, amma aka bar shi inda yake. Daga nan ya ƙudiri aniyar kayar da maigidansa, yana yi masa biyayya a fili, yana haƙa masa rami a ɓoye.

Yadda ya kawar da abokan hamayya

Urquhart bai taɓa fito-na-fito da kowa ba. Ya ƙulla wa Charles, ɗan'uwan Firaminista, sharrin cin ribar hannun jari da bayanan sirri na gwamnati, lamarin da ya tilasta wa Collingridge yin murabus. Ya razana ministan harkokin waje Patrick Woolton da faifan muryar wata mu'amalarsa ta assha har ya janye daga takara, sannan ya tono tarihin ƙuruciyar ministan muhalli Michael Samuels domin rage masa farin jini.

Waɗanda ya yi amfani da su ma ba su tsira ba. Roger O'Neill, jami'in yaɗa labaran jam'iyya da ke aiwatar masa da makirci, ya mutu bayan Urquhart ya zuba masa guba a hodar iblis. 'Yar jarida Mattie Storin kuwa, da ta gano gaskiya, ya jefo ta daga saman ginin majalisa. A littafin asali Urquhart ne ke faɗowa ya mutu. A talabijin shi ya yi nasara.

Wani abin da ya bambanta wasan shi ne yadda Urquhart ke juyowa ya yi wa mai kallo magana kai tsaye, har ya mayar da shi abokin sirrinsa.

Tasirinsa

Wasan ya zo a kan gaɓa. Kwana huɗu da fara nuna shi, Margaret Thatcher ta sanar da cewa za ta sauka, bayan 'yan jam'iyyarta sun juya mata baya. Richardson ya samu kyautar BAFTA a 1991. An ci gaba da labarin a To Play the King (1993) da The Final Cut (1995), kuma a 2013 kamfanin Netflix ya sake shirya shi a fagen siyasar Amurka, inda Kevin Spacey ya fito a matsayin Frank Underwood.