Baƙar Fata a Alƙalamin Marubuta: Daga Tambutu Zuwa Ibadan

Kafin a ɗaure mutum da igiya a kai shi kasuwa, sai an fara nemo hujjar da za ta kwantar wa mai saye da hankali. Irin wannan hujja kuwa galibi a littafi ake adana ta, ɗa ya gada daga uba, almajiri ya karɓa daga malami, har ta zama kamar gaskiya. Saboda haka tarihin wariyar launin fata ba ya cika sai an haɗa da tarihin abin da aka rubuta game da baƙar fata, da kuma amsar da shi baƙar fatar ya mayar.

Muhawarar ta girmi zuwan Turawa ƙasar Hausa da ƙarnuka. A shekarar 1615 Shehu Ahmad Baba na Tambutu ya rubuta Mi'irajus Su'udi, yana amsa tambayoyin da aka aiko masa daga Tuwat, wani zangon fatake a Sahara, game da halaccin bautar da baƙaƙe. A zamanin nan akwai labarin da ya bazu cewa baƙi alama ce ta la'anar da ta faɗa wa Hamu ɗan Annabi Nuhu da zuriyarsa. Shehun ya rushe wannan labari, ya goyi bayan Ibn Haldun cewa launi daga yanayin ƙasa yake, ya kuma lissafa mutanen Kano da Katsina da Borno da Gobir cikin Musulmin da mallakarsu ba ta halatta. Shi kansa ya ɗanɗani ɗacin kamu, domin bayan Maroko ta ci Songhai a 1591 an tafi da shi Marrakesh a tsare. Sai dai bai soke bauta ba. Ya ɗauke iyakarta ne daga kan launi ya ɗora a kan addini, wanda ba Musulmi ba kuwa ya zauna a inda yake.

Bayan taron Barlin na 1884 zuwa 1885, inda Turawa suka shirya ƙa'idojin rabon Afirka, Kwango ta zama mallakar Sarki Leopold na Biyu na Beljiyam shi kaɗai, har zuwa 1908. Joseph Conrad ya yi aiki a jirgin ruwa a kogin Kwango a 1890, ya ga abin da ake yi wa mutane saboda hauren giwa, sa'an nan ya fitar da Heart of Darkness a 1899. Littafin ya tona asirin haɗama da zaluncin 'yan mulkin mallaka, wannan ba a musu. Amma mutanen Kwango da ke cikinsa ba su da suna, ba su da tarihi, da ƙyar ake jin kalma daga bakinsu. An tausaya musu kamar yadda ake tausaya wa jakin da aka yi wa lodi fiye da kima.

Misali na biyu ya fi kusa da gida. Joyce Cary, mutumin Ailan, ya shigo aikin mulki a Nijeriya ta Arewa gab da Yaƙin Duniya na Farko, ya sami rauni a yaƙin Mora a 1915, ya yi Di'o a Borgu, ya bar aiki a 1920. A 1939 ya fitar da Mister Johnson, labarin wani akawu ɗan Kudu a wani gari na ƙage mai suna Fada. Johnson mutum ne mai raha da waƙa da cin bashi, ya ɗauki Ingila da bai taɓa gani ba tamkar ƙasarsa. Ya taimaki ubangidansa Rudbeck wajen juya kuɗin baitulmali don a gina hanya, aka kore shi. Daga bisani ya kashe wani Bature mai kanti, aka yanke masa hukuncin rataya. Roƙonsa na ƙarshe shi ne Rudbeck ya harbe shi da hannunsa, ya kuwa harbe shi. Cary na son Johnson, amma so ne irin na babba ga yaron da ba zai taɓa girma ba. Wannan ita ce wariya mafi wuyar ganewa, watau wadda take zuwa da fara'a.

Ɗaliban Kwalejin Jami'a ta Ibadan, wadda aka buɗe a 1948, sun karanta wannan littafi a aji, cikinsu har da Chinua Achebe. Ba su gane kansu ko danginsu a jikin Johnson ba. Amsar Achebe ita ce Things Fall Apart, wanda ya fito a Landan a 1958. Bai wanke mutanensa ba: ya nuna jefar da tagwaye, da ƙyamar da ake yi wa osu, watau waɗanda aka keɓe wa dodanni ba a aure da su, ya kuma nuna cewa irin waɗannan su ne suka fara rungumar 'yan mishan. A ƙarshen labarin, bayan Okonkwo ya rataye kansa, sai ga Di'o yana lissafin cewa rayuwar mutumin nan za ta ishi sakin layi guda a littafin da yake shirin rubutawa. Mai karatu kuwa ya riga ya san littafi sukutum bai ƙare ta ba.

A watan Fabrairu na 1975, a Jami'ar Massachusetts ta Amurka, Achebe ya fito fili ya kira Conrad mai wariyar launin fata. Masu kāre Conrad suka ce maganar Marlow ce, mai ba da labarin, ba ta marubucin ba, kuma ba a auna mutumin 1899 da mudun 1975. Ba a rufe gardamar ba, amma tun daga lokacin ya yi wuya a koyar da littafin ba tare da an tambaya ina muryar mutanen Kwango take ba.

Idan aka tsaya a nan, an yi tuya an manta da albasa. Adabin Hausa ma yana da nasa madubi. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito daga gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933, labari ne na yaron da aka sace, Balarabe Abdulkarim ya tafi da shi Masar ya ilmantar da shi, da uwar da ta fita nemansa aka yaudare ta aka sayar, har ta kai Tarabulus. Sun sadu bayan shekaru, ba ta daɗe ba ta rasu. Masu farmaki da dillalan da suka fara raba ɗa da uwa baƙaƙe ne 'yan gida, marubucin kuwa bai ɓoye haka ba. Doka ta kammala soke bauta a Nijeriya ta Arewa a 1936, amma doka ba ta shiga zauren da ake binciken asali kafin a ba da aure. Kalmomi irin su bacucane da ɗan kuyanga da arne sun yi wa mutane da yawa irin aikin da alƙalamin Cary ya yi wa Johnson.

Ɗalibin da ke nazarin waɗannan littattafai gobe shi ne ma'aikacin da zai zauna a kujerar da Di'o ya bari, da fayil a gabansa da alƙalami a hannunsa. Duk wanda sunansa ya zo cikin fayil ɗin nan, rayuwarsa ta fi sakin layi guda, kuma yana da bakin da zai faɗi nasa labarin in an ba shi dama.