Dorugu da Fassarar Linjila Zuwa Hausa

Tarihin fassarar Linjila zuwa Hausa ba ya cika sai an ambaci Dorugu. Yaro ne Bahaushe daga ƙasar Damagaram, maƙwabciyarmu ta arewa, wanda aka kama bawa. Da ya sami 'yanci sai ya bi matafiyin nan Barth, suka ratsa Gumel a 1854, suka isa Ingila a 1855. A can ne ɗan mishan Schön ya zauna da shi yana ɗaukar Hausa daga bakinsa, har ya fitar da Linjilar Matiyu a 1857, nahawu a 1862, ƙamus a 1876, da Sabon Alkawari a 1880. Sunan Schön ke bangon littattafan, amma ya kamata manazarta su tuna bakin da Hausar ta fito.