Noman Shuwaka a Ƙasar Hausa: Iyakar Juriyarta ga Fari da Dabarun Kula da Ita

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin shuwaka a matsayin ƙaramar bishiya mai fure wadda ake yaba wa da jure fari, domin tantance inda wannan juriya ta tsaya da abin da take nufi ga mai shuka ta a ƙasar Hausa. An duba asalin tsiron da surarsa, da hanyoyin yaɗa shi, da bukatarsa ta ruwa, da tasirin datsa a kan ganye da fure. Matsayin maƙalar shi ne cewa shuwaka tana jure fari ne ta fuskar tsira da rai, amma yawan ganyen da ake nomanta dominsa ya dogara ga laimar ƙasa, don haka muhallin da ya dace da ita a Arewa shi ne lambu da fadama da bayan gida.

Gabatarwa

Shuwaka, wadda masana tsirrai suka fi sani da sunan Vernonia amygdalina, tana cikin babban dangin tsirran da ake kira Asteraceae, dangin da ya ƙunshi nau'i fiye da 25,000, ciki har da latas da tazargade. Masanin tsirrai ɗan ƙasar Faransa, Alire Raffeneau Delile, shi ne ya fara siffanta ta a kimiyyance a shekarar 1826, daga samfurin tsirran da aka tattaro a tafiyar Frédéric Cailliaud zuwa yankin kogin Nilu na ƙasar Sudan. Bayan gyaran da Harold Robinson ya yi wa rabe-raben wannan rukuni a 1999, littattafai da dama sun koma kiranta Gymnanthemum amygdalinum, ko da yake tsohon sunan ne ya ci gaba da rinjaye a rubuce-rubucen aikin gona da na magunguna. Tsiron ya yaɗu a mafi yawan ƙasashen Afirka da ke kudu da Sahara, kuma kusan kowace al'umma tana da abin da take yi da shi: Yarabawa da Ibo suna miya da ganyensa, a Kamaru shi ne ginshiƙin abincin da ake kira ndole, a Habasha kuwa masu kiwon zuma suna daraja furensa.

A ƙasar Hausa ma shuwaka ba baƙuwa ba ce, domin J. M. Dalziel ya kawo ta a cikin ƙamus ɗinsa na sunayen tsirran Hausa na 1916, kuma an daɗe ana miya da ita, ana asuwaki da rassanta, ana kuma haɗa ganyenta a cikin cusar doki, wato haɗin da ake ba doki domin ya yi ƙarfi da ƙiba. Sai dai duk da wannan daɗaɗɗen sabo, hankalin masu bincike ya fi karkata ga sinadaranta na magani, aka bar batun nomanta a baya, har ya zama ana maimaita cewa tana jure fari ba tare da an fayyace ma'anar hakan ga manomin da damina ke yi masa wata huɗu kacal ba.

Surar Tsiron da Furensa

Shuwaka takan kai tsayin mita 2 zuwa 5 idan aka bar ta, wani lokaci ma ta zarce haka a wuri mai dausayi, tana da rassa masu yawa da saurin karyewa, da ganye mai tsawo wanda yakan kai santimita 15 ko fiye. Abin da ido ke ɗauka a matsayin fure guda a jikinta, a haƙiƙa tarin ƙananan furanni ne da suka haɗu a kan tushe ɗaya, wasu ƙananan ganyayyaki masu kama da ɓawo suka kewaye su, kuma wannan tsari shi ne babbar alamar dangin baki ɗaya. Furannin farare ne masu ɗan ratsin ruwan madara, suna fitowa cunkus a ƙarshen rassa, suna da ƙamshin da ke jawo ƙudan zuma. Idan suka ƙosa sai kowannensu ya haifar da ƙwayar iri guda, ƙarama ƙwarai, mai gashi a ka wanda iska ke ɗauka ta watsa. Fitowar furen tana da nasaba da gajartar yini, shi ya sa a Afirka ta Yamma ake ganinsa a lokacin hunturu da farkon rani, lokacin da furen sauran tsirrai ya yi ƙaranci.

Ɗacin ganyen yana fitowa ne daga wasu sinadarai da tsiron ke kare kansa da su daga dabbobi da ƙwari, waɗanda suka haɗa da vernodalin da vernomygdin, da S. M. Kupchan da abokan aikinsa suka keɓe a 1969. Tsiron ya kuma ja hankalin Michael Huffman da Mohamedi Seifu Kalunde, waɗanda suka wallafa a 1989 cewa sun ga wata birin cimfanzi marar lafiya a tsaunukan Mahale na Tanzaniya tana ɓare reshen shuwaka tana tsotse ruwan ɓargonsa. Dangane da mutane kuwa, wani gwaji da aka yi a Uganda, aka wallafa a 2009, ya nuna cewa jiƙon ganyen ya sassauta alamun zazzaɓin cizon sauro ga da yawa daga cikin majinyatan, amma ƙalilan ne ƙwayar cutar ta gushe daga jininsu gaba ɗaya, don haka bai maye gurbin maganin asibiti ba.

Ma'anar Juriyar Fari

Domin fahimtar bukatar kowane tsiro, hanya mafi inganci ita ce a dubi inda yake fitowa da kansa ba tare da an shuka shi ba. Shuwaka ta daji ana samunta ne galibi a bakin koguna da tafkuna, da gefen kurmi, da filayen ciyawa masu ɗan danshi, kuma kundayen bayanan itatuwan gona suna sanya bukatarta ta ruwan sama tsakanin milimita 750 da 2,000 a shekara. Idan aka auna wannan da yanayin ƙasar Hausa, za a ga Zariya, mai samun kimanin milimita 1,000, tana cikin iyakar. Kano tana bakin gaɓarta ta ƙasa. Sakkwato da Maraɗi da Damagaram kuwa sun faɗo ƙasa da ita. Bugu da ƙari, yawan ruwan na shekara ba shi kaɗai ne ma'auni ba, domin ruwan Arewa yana zuba ne cikin 'yan watanni, daga nan a shiga wata bakwai ko fiye babu ɗigo, a ƙare da bazarar da zafinta kan haura digiri 40.

Abin da ke faruwa a jikin tsiron idan ƙasa ta bushe shi ne mabuɗin batun. Ganye yana da ƙananan ƙofofi waɗanda ido ba ya gani, ta nan iskar da yake haɗa abinci da ita ke shiga, ta nan kuma tururin ruwa ke fita. Idan saiwa ta kasa samun isasshen ruwa, tsiron yakan rufe waɗannan ƙofofi domin ya tsimi abin da ya rage masa, amma rufewar tana tsayar da haɗa abincin, sai girma ya tsaya, sabon ganye ya fito ƙanana, tsohon kuma ya yi rawaya ya zube. Shuwakar da ta kafu takan wuce wannan hali da ranta, saboda abincin da ta adana a kututture da saiwa, kuma da zarar ruwan farko ya sauka sai ta yi toho da sauri. Wannan ita ce juriyar da ake magana a kai, kuma juriya ce ta gaske. Amma manomi ba kututture yake sayarwa ba, ganye yake kai wa kasuwa, kuma ganyen ya fi daraja ne a daidai lokacin da tsiron da ba a ba shi ruwa ba ya zubar da nasa. Saboda haka shawarar da ake bayarwa a wasu lokuta, cewa a dasa shuwaka a gonar tudu a bar ta da ruwan sama kawai tun da tana jure fari, shawara ce da ba ta yi la'akari da manufar noman ba.

Yaɗawa da Dasawa

Hanya biyu ake bi wajen yaɗa shuwaka, kuma zaɓi tsakaninsu yana da tasiri a kan juriyar da tsiron zai samu daga baya. Ta farko, wadda ta fi yaɗuwa, ita ce yankar reshen da ya ƙosa, mai idanu uku ko huɗu, wato wuraren da toho ke fitowa, a cire ganyensa, a soka shi a karkace cikin ƙasa mai laima har kusan rabinsa ya nutse. Wannan hanya tana da sauri, tana kuma tabbatar da cewa sabon tsiron zai gaji halin uwarsa, abin da ke da muhimmanci saboda ɗacin shuwaka ya bambanta daga tushe zuwa tushe. Hanya ta biyu ita ce shuka iri a wurin reno, a barbaɗa shi a saman ƙasa mai laushi ba tare da an binne shi da zurfi ba, a riƙa yayyafa ruwa har ya tsira cikin mako 2 zuwa 3, sannan a dasa bayan wasu makonni.

A ƙa'idar ilimin tsirrai, tsiron da ya fito daga iri yakan kafa uwar saiwa mai nutsawa ƙasa, wanda ya fito daga reshe kuwa yakan fitar da saiwoyi masu bazuwa kusa da sama, inda ƙasa ta fi saurin bushewa. Wannan yana nuna cewa inda ruwa ya yi wuya, dashen iri yana da fifikon da ya cancanci a jure jinkirinsa. Ko ta wace hanya aka bi, lokacin dasawa shi ne bayan damina ta zauna, domin tsiron ya samu watannin ruwa gaba ɗaya ya kafu kafin hunturu. Dashen ƙarshen damina yakan mutu a ranin farko idan ba a bi shi da ban ruwa ba. Tazarar kimanin mita 1 tsakanin tushe da tushe ta wadatar a lambu, a shinge kuma ana matsewa fiye da haka. Shuwaka tana karɓar ƙasa iri-iri, amma a jigawa wajibi ne a zuba ruɓaɓɓen takin dabbobi a ramin dashe, saboda yana riƙe ruwan da yashi ke sakewa.

Ruwa, Datsa da Fure

Kula da shuwaka a rani ya ta'allaƙa ne a kan hana ruwa salwanta. Ban ruwa mai yawa wanda ke ratsa ƙasa, ko da jefi-jefi ne, ya fi yayyafin kullum, domin na farkon yana jan saiwa zuwa ƙasa, na biyun kuwa yana tsare ta a sama. Rufe gindin da busasshiyar ciyawa ko ƙaiƙayi yana rage ƙafewar laima da zafin ƙasa, sai dai a bar 'yar tazara tsakaninsa da kututturen saboda gara. A cikin gida, tushe biyu ko uku da aka dasa kusa da wurin alwala ko randa suna iya ba da ganye duk shekara ba tare da an ɗebo ruwa musamman dominsu ba, matuƙar ruwan ba mai yawan sabulu ba ne, kuma ba ya kwanciya a gindin, domin kwantaccen ruwa yana ruɓar da saiwa.

Datsa ita ce dabarar da ta fi tasiri a kan amfanin. Idan aka yanke kan reshe, idanun da ke ƙasa da wurin yankan sukan farka su fitar da rassa da yawa masu manyan ganye, shi ya sa girbi ta hanyar yanke rassa masu taushi ya fi tsinkar ganye ɗaya-ɗaya. A nan ne bukata biyu ke karo da juna: reshen da ya fara fure yana karkatar da abincinsa ga furen da iri, ganyensa ya ƙanƙance, don haka mai neman ganye yakan datse shi tun kafin ya yi fure, alhali mai amya da mai neman iri furen suke jira. Mafita mai sauƙi ita ce a riƙa datse yawancin tushen, a bar kaɗan a gefen lambu su yi tsayi su yi fure. Datsa mai tsanani, wadda ake sare tsiron kusa da ƙasa domin ya sabunta, ta fi dacewa da gab da faɗuwar damina, domin yin ta a tsakiyar bazara yana tilasta wa tsiron fitar da toho a lokacin da ba shi da ruwan ciyar da shi.

Duk da ɗacin shuwaka, ƙwari ba sa ƙyale ta gaba ɗaya, domin fara da darɓa sukan addabi sabon toho, awaki ma sukan ci ta idan abinci ya yi wuya a rani. Tun da ganye ne ake tsinka a kai a kai ana ci, fesa maganin ƙwari mai ƙarfi yana da haɗari ga masu ci, kuma wanke ganyen da ake yi domin rage ɗaci ba tabbacin kawar da gubar ba ne. Ya kamata cibiyoyin binciken aikin gona na Arewa, irin su ta Samaru da ke Zariya, su gwada dashen iri da na reshe a ƙarƙashin ban ruwa mabambanci, su kuma tattara tushen da suka daɗe a gidaje da lambunan Sakkwato da Katsina da Maraɗi, domin waɗannan su ne suka riga suka tsallake rani mai tsawo.